Mil ko MOA: wane madubin bindiga ne zai fi gaya maka nisa?

Maharbi ko mai wasan harbin bara da ke son sayen madubin bindiga, abin da ya kamata ya fara leƙawa shi ne zanen saiti da ke cikin gilashin. Wancan zanen ma'auni ne. In ka san girman abin da kake hange, shi zai gaya maka nisansa.

Mai sauƙin kuɗi shi ne Duplex, layi biyu da suka gitta juna, masu kauri a gefe, sirara a tsakiya, wanda kamfanin Leupold ya fito da shi a 1962. Yana da kyau ga harbin kurkusa, amma ba shi da ɗigon awo. Akwai kuma BDC, mai alamun da ke nuna faɗuwar harsashi a nisa daban-daban, wanda aka zana don harsashi iri ɗaya. Da ka sauya harsashi, lissafinsa ya ɓaci. Gardamar gaske tana tsakanin mil da MOA, ma'aunan kusurwa biyu da ake tsaga zanen da su.

Ni dai mil nake so, kuma ga dalilina. Mil ɗaya yana rufe santimita 10 a nisan mita 100, mita ɗaya a mita 1,000. Sai ka ninka girman abin a mita sau 1,000, ka raba da adadin mil ɗin da ya cike. Faifan ƙarfe mai faɗin rabin mita da ya cike mil 2, yana nisan mita 250. Da ka kawai za ka yi wannan. Shi kuwa MOA, kusan inci ɗaya ne a yadi 100, wato kimanin santimita 2.9 a mita 100. An fi amfani da shi a Amurka inda suke awo da inci da yadi. Awonsa ya fi sili-sili, don mil ɗaya ya kai MOA 3.44, amma mu yadi na tela ne. Gona da hanya da mita muke auna su.

Abu na biyu, inda mutane da yawa ke asarar kuɗinsu: duba ko an rubuta FFP ko SFP a kwalin, wato alamar inda aka ɗora zanen a cikin madubin. A FFP zanen yana girma tare da abin da ka zuƙo, saboda haka awonsa daidai yake a kowane mataki. A SFP zanen ba ya motsi, awonsa na gaskiya a mataki ɗaya tak yake, galibi na ƙarshe. Ka manta ka auna a rabin zuƙowa, nisan da za ka samu ya kauce ninki biyu. SFP ya fi araha, kuma layinsa ya fi fitowa da almuru. Ga mai awon nisa kuwa, FFP ya cancanci ƙarin kuɗinsa.

Ka tabbata maɓallan murɗa saiti suna yare ɗaya da zanen: mil da mil, kowane ƙas 0.1, MOA da MOA, yawanci kwata. Tsofaffin madubai da yawa zanensu mil ne, maɓallansu MOA. Ka bar su a kanti.

Kada kuma ka raina tsabtar gilashi. Faifan nan na rabin mita, in ka karanta shi mil 1, mita 500 ne. In ka karanta 0.9, ya zama 555. Saboda haka zane mai ƙananan tsaga na 0.2 ya fi tsohon mai ɗigo zalla, musamman lokacin hazo. Wanda zai wuce mita 400 a kai a kai, ya ware kuɗin na'urar awon nisa ta leza tun yanzu, ya bar zanen don ranar da batir ya mutu.