Bita kan wani ofishin lauyoyin gado da fansho a Kano

Akwai wani ƙaramin ofishin lauyoyi a Kano da ya keɓe aikinsa ga rubuta wasiyya, shirya takardun gado da bibiyar haƙƙoƙin fansho, kuma shi muka ɗauka a lokacin da kawunmu, wanda ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya kusa yin ritaya. A ganina sun ƙware ƙwarai a ɓangaren gado, amma a ɓangaren shirin ritaya da sauran aiki a gabansu.

Zaman farko bai taɓo wasiyya ba sam. Lauyan ya buɗe kundi ya sa kawu ya lissafa duk abin da ya mallaka, da bashin da ake bin sa, da wanda yake bin mutane, har da kayan amanar da ke hannunsa, saboda sai an fitar da kuɗin jana'iza an biya bashi kafin a zartar da wasiyya, sannan magada su karɓi rabonsu. A nan ne maganar wani shago ta taso, wanda kawu ya ce ya riga ya ba babbar 'yarsa, alhali har ranar shi ke karɓar kuɗin hayarsa. Lauyan ya ajiye alƙalami ya ce, "Alhaji, a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka bai wa ya karɓe ta ya riƙe, kuma idan rai ya yi halinsa alhali shagon yana hannunka, cikin gado zai koma." Nan take aka tsara yadda za a miƙa mata shi a gaban shaidu, aka rubuta, aka kuma sanar da ɗan haya wanda zai riƙa biya daga yanzu. Wannan gyara kaɗai ya isa ya hana rigimar da kan raba 'yan uba har tsawon rayuwa.

A wajen wasiyyar ma ba su yi wa kawu kara ba. Ya so ya ƙara wa amaryarsa wani abu, sai malamin fara'ila, wato ilimin rabon gado, da suke aiki tare ya bayyana masa cewa wasiyya ba ta wuce sulusin dukiya, kuma ba a yin ta ga magaji sai da amincewar sauran magada, matan kuwa tumuni za su raba a tsakaninsu tun da akwai 'ya'ya. Shi ne kuma ya jawo hankalinsa ga jikokinsa marayu, waɗanda mahaifinsu ya riga shi rasuwa, domin baffanninsu za su shamakance su daga gado, don haka su ne suka fi cancantar a tuna da su a cikin sulusin. Babu ko ɗaya daga cikinmu da wannan ya faɗo masa a rai.

Game da fansho, abin da suka yi da kyau shi ne aikin takardu. Sun gano cewa ranar haihuwar da ke kan katin ɗan ƙasa ta saɓa da wadda ke wajen kamfanin fansho, suka sa aka daidaita tun yana raye. Sun kuma fahimtar da iyali cewa rubuta sunan mutum a fom a matsayin makusanci ba ya mayar da shi mai kuɗin, domin kamfanin zai nemi wasiyyar da kotu ta tabbatar, ko takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga Babbar Kotun jiha. Sun tunatar da mu cewa dokar fansho ta 2014 ta wajabta wa mai ɗaukar aiki yi wa ma'aikaci inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashinsa na shekara ba, haƙƙin da iyalai da yawa ba su san da shi ba.

Da aka zo kan yadda zai karɓi kuɗinsa bayan ritaya, sai bayanin ya yi rauni. Mai ritaya yana da zaɓi biyu: ko ya bar kuɗin a kamfanin fansho ana tsakuro masa duk wata, wanda ragowarsa ke komawa ga magada, ko ya miƙa su ga kamfanin inshora ya biya shi har ƙarshen rayuwa, wanda idan ya rasu bayan shekara 10 na farko da kamfanin ke lamunce biya, babu abin da iyali za su samu. Ga ofishin da ke tutiya da sanin gado, bai kamata a ce sai da muka matsa suka fayyace wannan bambanci ba. Asusun fansho marar kuɗin ruwa da hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta amince da shi a 2021 ma, mu muka fara ambata musu shi.

Sai batun kuɗin aiki, wanda ba a rubuta mana shi tun farko ba, daga baya kuma aka ƙaro na neman amincewar gwamna kan sauya mallakar shagon, kamar yadda dokar filaye ta 1978 ta tanada. Kuɗin halal ne, amma da an faɗa da wuri da ya fi. Wanda zai je irin wannan ofishi ya nemi a rubuta masa farashin kowane aiki daki-daki kafin ya sa hannu, ya tafi da takardun filayensa da bayanan asusunsa na fansho, shawarar yadda zai karɓi kuɗin ritaya kuwa ya ƙara neman ta a wajen kamfanin fanshonsa.