Wata takwas da na'urar gano ƙarfe a jar ƙasa

Ranar farko da na fita da na'urar nan rami 14 na haƙa. Abin da na koma gida da shi ƙusa biyu ne da tsatsa ta cinye, da murfin kwalba ɗaya, da bororo a tafin hannu. Sauran ramuka 11 babu komai a cikinsu sai ƙasa. Kuma a kan kowannensu sai da ta yi kuka, kuka mai daɗin ji ma, har da lamba a allo. Da yamma na jingine ta a bayan ƙofa ina cewa a raina an sayar min da jabu.

Yau wata takwas ke nan, kuma na janye wancan zargin. Na'urar lafiyarta ƙalau. Ni ne ban san abin da take faɗa ba, ita kuma takardar bayanin da ta zo da ita ta yi rowar magana a daidai inda ake bukatar magana.

Irin wadda ake kira VLF ce, wato ajin da galibin masu sha'awar abin suke riƙewa. Faifanta, wato zagayayyen abin da ke ƙarshen sandar da ake lilo da shi a kan ƙasa, inci 11 ne, akwai allo, akwai hedifon, kuma tana iya aiki da saurin kaɗawa guda ɗaya, daga kilohaz 5 zuwa 40, ko ta haɗa da yawa a lokaci guda. A cikin faifan akwai naɗin waya biyu. Ɗaya yana tura ƙarfin maganaɗisu cikin ƙasa. Idan ya tarar da ƙarfe sai wata 'yar wutar lantarki ta kewaya a jikin ƙarfen, ya mayar da nasa martanin, ɗaya naɗin ya karɓa. Ɗan jinkirin da ke tsakanin aike da amsa shi na'urar ke mayarwa lamba. Baƙin ƙarfe yana can ƙasan ma'auni, takardar alminiyam da ƙananan zinariya na bi masa, dalma a tsakiya, jan ƙarfe da azurfa a sama. A cikin ɗaki, idan ka wuce da tsabar kuɗi a gaban faifan, lambar ba ta ko motsi. Wannan gwajin na iska shi ke ruɗar sabon shiga, ni ma shi ya ruɗe ni.

Filin da mai shi ya ba ni izinin shiga jar ƙasa ce mai tsakuwar marmara, ga baƙin yashi kwance duk inda ruwa ya bi. Ka ja maganaɗisu a cikinta sau ɗaya, ya fito da gemu. Wannan baƙin garin magnatayit ne, a cikin jar ƙasar kuma akwai ɗan'uwansa maghemayit, wanda gobarar daji da daɗewar zamani ke samarwa daga sauran ma'adinan ƙarfe. Dukansu suna amsa wa faifan. Tsabar kuɗi abu ne kamar farce, ƙasar da ke ƙarƙashin faifan kuwa buhu guda ce, don haka muryarta ta ninka ta tsabar ninkin-ba-ninkin. Matsalar ma ta girmi na'urorin zamani. A 1881, da aka harbi shugaban Amurka James Garfield, Alexander Graham Bell ya kawo na'urarsa don gano inda harsashin ya maƙale, amma wayoyin ƙarfen gadon da mara lafiyan ke kwance a kai suka dagula masa sauti. Nasa gado ne, nawa fili guda.

A mako na uku na haɗu da wani dattijo da ya daɗe a harkar. Ya tsaya yana kallona ina lilo da faifai, na'ura na ta surutu kamar an taɓa gidan kaji. Can ya ce, "Ƙanena, ka gaisa da ƙasar kuwa kafin ka fara?"

Na ce, "Baba, wace irin gaisuwa?"

Ya karɓa, ya nemi wurin da babu ƙarfe, ya danna maɓallin saita ƙasa, ya shiga ɗaga faifan yana saukewa, daga kusan taɓa ƙasa zuwa kamar santimita 15, a hankali, ba gaggawa. Lamba ta yi ta canzawa a allo har ta tsaya. Sai ya buɗe ɗan siririn amon nan da ke gudana a kunne ba yankewa, ya ce in saurara. Idan faifai ya sauka amon ya ƙaru, ko ya ɗauke ɗif, saitin bai zauna ba. Idan ya sauka ya tashi amon yana nan yadda yake, na'ura ta san muryar wannan ƙasar, za ta cire ta daga lissafi. Ni ashe duk makonnin nan da saitin masana'anta nake yawo. Sau ɗayan da na gwada ma, daga baya na gane a kan wata ƙusa na yi shi, na koya wa na'urar cewa ƙusa ita ce ƙasa.

Abu na biyu da ya yi ya fi ba ni haushi a lokacin: ya rage ƙarfin jin na'urar da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ni a ƙure nake barinsa, a tunanina hakan ne zurfi. Ya ce wanda tashar rediyo ba ta kama masa ba, in ya ƙara murya shuuu ɗin kawai yake ƙarawa. Gaskiyarsa. Da surutun ya lafa ne na fara jin ƙananan sautuka da a da suke nutsewa a cikinsa.

Na'urar tana da tsarin da ke bin ƙasa yana gyara saiti da kansa yayin da kake tafiya. A filin da ƙasa ke sauyawa duk taku goma, yana da amfani ƙwarai. Sai dai yana da wata mugunta: idan ka ji ɗan sauti mai rauni ka tsaya kana ta goga faifai a kansa, tsarin zai ɗauka ƙasa ce ta sauya, ya haɗiye shi. Sau nawa ina jin abu ya narke a kunnena ina cewa ƙarya ce. Yanzu da na ji alama nake kashe shi, in koma gefe in saita da hannu, sannan in dawo.

Abin da ya sauya min fahimta gaba ɗaya gwaji ne da na yi da kaina. Na samu tsabar jan ƙarfe iri ɗaya guda huɗu na binne a wannan jar ƙasar, a zurfin santimita 10, 15, 20 da 25, na kafa tsinke a kan kowace. Ta 10 lambarta daram, kamar a iska. Ta 15 ta fara rawa, ta hau ta sauka, amma sautin na nan sarai. A kan ta 20 na sha mamaki: lambar ta gangaro har cikin yankin baƙin ƙarfe, kuma da yake na sa na'ura ta toshe wannan yankin, shiru kake ji, sai ɗan tsattsagewar sauti jefi-jefi. Da na buɗe mata ta faɗi komai, sai ga ta, a raunane amma a wurinta. Ta 25 kuwa sai da hedifon da natsuwa, kuma ba don tsinken ba da na wuce. Abin da aka binne jiya ba daidai yake da wanda ya shekara hamsin a ƙasar da ta daddale ba, na sani, amma darasin ya fito fili. Abu yana ƙara nisa, amsarsa na raguwa, ta ƙasa kuwa tana nan, sai ta rinjayi lambar ta ja ta zuwa ɓangarenta. Wato a irin wannan ƙasa, allon yana da gaskiya a tafin hannu na farko, daga nan sai hasashe. Kuma wanda ya toshe baƙin ƙarfe don gudun ƙusa, da hannunsa ya toshe duk wani abin kirki mai zurfi.

Daga ranar na koma aiki da kunne, allo ya zama shaida na biyu. Abin gaske sautinsa gajere ne, mai baki, yana farawa ya ƙare a wuri ɗaya. Ka kai faifai dama ya amsa, ka dawo hagu ya amsa, ka zagaya ka tsaya ta gefensa ka sake, yana nan bai gusa ba. Kukan ƙasa kuwa faffaɗa ne, ba shi da gefe, yana jan jiki kamar hamma, kuma in ka nemi tsakiyarsa sai ya matsa. Idan na yi shakka sai in kankare saman wurin da gefen diga, santimita uku ko biyar, in sake wucewa. Ƙarfe zai ƙara murya tunda an matso kusa da shi. Tarin ma'adini kuwa sai ya dusashe ko ya watse cikin ƙasar da na kankare. Wannan 'yar dabarar ita kaɗai ta rage min haƙan banza fiye da duk maɓallan da ke jikin na'urar.

Sai duwatsun da masu harkar ke kira masu zafi, ba don suna ƙuna ba, don ma'adininsu ya bambanta da na ƙasar da suke ciki. Iri biyu na saba gamuwa da su. Akwai baƙaƙe masu nauyi, cike da magnatayit: a daidai kansu amo yana ɗaukewa, sai faifai ya wuce ka ji wani "boyon" kamar an saki roba, ka rasa inda abin yake. Waɗannan da sauƙi, kwana biyu ka gane su. Jajayen su ne 'yan ƙwaya. Ƙarami kamar gyaɗar yaro zai ba ka sauti tsaf irin na ɗan guntun zinariya, ya amsa ta kowane ɓangare. Maganinsu shi ne ka shure dutsen gefe ka ji ko sautin ya bi shi, ko ka liƙa maganaɗisu mai ƙarfi a gindin diga ya riƙa tsince maka su. Gawayin tsohuwar wuta ma yana yin haka wani lokaci. Ita kuwa lanƙwasasshiyar ƙusa da murfin kwalba mai tsatsa, ta gefe ɗaya su yi maka siririyar murya irin ta azurfa, ka juya ka ji gurnani a ƙarshenta. Gurnanin nan shi ne gaskiyarsu.

Masu tambayata ko tana nuna zinariya, amsar ita ce babu na'urar da ke da lambar zinariya. Ɗan guntunta yana faɗowa ne inda takardar alminiyam da harsashin dalma da marfin gwangwani suke faɗowa, domin girma da siffa suna taɓa lambar kamar yadda irin ƙarfen ke taɓa ta. Saurin kaɗawa mai yawa ya fi jin ƙananan abubuwa, shi ya sa na'urar Gold Bug 2 ta kamfanin Fisher ke aiki a kilohaz 71, amma abin da ya ji ƙaramar zinariya zai ji ƙasa ma. Tawa a kilohaz 40 cikin marmara ba ta zaunuwa. Da na mayar da ita kan haɗakar kaɗawa, na kuma sa ƙaramin faifai mai inci 6, sai ta yi hankali, don ƙaramin faifai ƙasa kaɗan yake gani a lokaci guda. Na rasa faɗin shara, na samu kwanciyar kunne. Ban yi nadamar musayar ba.

Akwai wani kwari a ƙarshen filin inda duk dabarata ta ƙare. Dattijon nan ya shiga da tasa, irin ta PI, wadda ke harba bugu ta yi shiru, ta jira amsar ƙasa ta mutu, sannan ta saurari ta ƙarfe da ke daɗewa. Ya ratsa wurin tamkar a kan yashin rafi. Don irin wannan ƙasa aka yi su. A Ostareliya, inda filayen zinariya suka yi ƙaurin suna wajen ma'adini, fitowar SD2000, na'urar PI ta kamfanin Minelab, a 1995 ta sa mutane suka koma wuraren da aka ce an gama da su. Amma na ga abin da yake biya: nauyi a kafaɗa, da haƙa rami har gwiwa a kan guntun waya, tunda bambance ƙarfe ba gwanintarta ba ce. Labarin curin zinariyar da Kevin Hillier ya gano da na'ura ya tono a Kingower ta jihar Biktoriya a 1980, mai nauyin kilo 27, yana sa mutum ya ɗauka kowace na'ura za ta yi. A tuna dai girmansa, a kuma tuna ƙasar da ke kansa ba ta wuce kamu ɗaya da 'yan kai ba.

Ƙorafina a kan na'urata kaɗan ne amma na gaske. Ma'aunin zurfin da ke allo yana ɗauka komai girman tsabar kuɗi ne, don haka gwangwani mai nisa ya ce maka yana kusa, ɗan mitsitsin abu a sama ya ce yana can ƙasa. Sandar ta fara girgiɗi a mahaɗa tun wata na uku, kuma in wayar faifai ta yi sako-sako ta bugi kara, sai ta yi kukan ƙarya. Lasifikarta ba ta da amfani in ana iska. Bayan ruwan sama, a wani gefe da gishiri ke tsatstsafowa ya yi fari, sai ta ruɗe gaba ɗaya, don jiƙaƙƙen gishiri yana ɗaukar lantarki, kuma saitin da ya kashe muryar ma'adinin ƙarfe ba ya kashe tasa. Kusa da manyan wayoyin wuta ma sai an sauya mata tasha. Wayar salula a aljihun gaba da zoben da ke hannun da nake ɗibar ƙasa da shi, waɗannan laifina ne, kuma sun ci min rabin yini kafin in farga. Batir dai bai taɓa mutuwa ya bar ni a fili ba, nauyinta kuma hannu na ɗauka daga safe har azahar.

Da za a mayar da ni baya zan sake sayenta, amma tare da ƙaramin faifan tun ranar farko, kuma makon farko a kan tsabar da na binne zan ƙarar da shi.

Makon jiya na koma layin da na haƙa ramukan nan 14. Taku kaɗan daga na ukunsu na ji wani ɗan sauti, siriri, allo na nuna baƙin ƙarfe. Na zagaya, yana nan. Na kankare sama, ya ƙaru, lambar ta ɗan ɗaga. A zurfin da ya kusa tsawon tafin hannuna da yatsu na fito da wani maɓallin tagulla da ya yi kore, da sauran zane a fuskarsa. Ramin da na haƙa bayansa, da irin wannan sautin sak, kan ƙusa ne.