Wane mai ya dace da sarƙar keke a yashin Maraɗi?

Kafin ka fidda kuɗi ka sayi man sarƙa, fara sanin inda man yake aiki. Kowace gaɓar sarƙa tana da ƙusa a tsakiya, da ɗan zobe mai juyawa a kanta, da ƴan faranti a gefe. Gogayyar da ke cin sarƙa a ciki take faruwa, tsakanin ƙusar da ƙarfen da ya kewaye ta, inda ido ba ya kaiwa. Man da ya shiga can shi ne mai amfani. Wanda ya tsaya a waje yana sheƙi kuwa, yashi kawai yake kamawa. In yashi ya haɗu da mai sai ya zama baƙin ƙulli mai cin ƙarfe kamar magagari, kuma duk zagayen feda sarƙar tana ƙara jan sa ciki. A gari irin namu, da zarar ka sauka daga kwalta yashi ne, ko a unguwar Zariya ko a ta Ali Ɗan Sofo, don haka man da ya dace shi ne wanda zai shiga ciki ya zauna ba tare da ya tara ƙasa a waje ba.

Wanda aka fi gani a hannun masu faci shi ne baƙin mai, wato wanda aka juye daga injin mota ko babur. Kyauta ake samun sa, shi ya sa ya yaɗu. Amma wannan mai ya riga ya gama aikinsa: akwai garin ƙarfe da toka da dattin ƙuna a cikinsa, kuma yana ɓata wando ɓacin da sabulu ba ya fiddawa. In kana kan hanyar Madarunfa sarƙa ta bushe tana kuka, ɗan ɗigo kaɗan ya fi babu. Amma kada ya zama man kullum.

Sabon man inji, irin SAE 40 ko 20W-50 da ake zuba wa babur, wani abu ne daban. Yana da tsabta, yana ratsa cikin gaɓa, yana hana tsatsa, kuma ragowar da ke gindin gora ta isa keke watanni. Aibinsa shi ne ba ya bushewa, saboda haka ƙura na manne masa. Man giya mai lamba 90 ya fi shi kauri da jure ruwa, ya kuma fi shi kama datti. Ga keke marar giya mai ɗaukar kaya, irin Phoenix ko Hero, musamman wanda murfin sarƙarsa yake nan ya rufe ta ruf, sabon man inji ya wadatar, ba sai ka nemi mai tsada ba. Wannan murfin da mutane ke cirewa su yar don yana ƙara, ya fi kowane mai kare sarƙa daga yashi. In ya sassauta, ɗaure shi za ka yi.

Man keken ɗinki tsinkakke ne, mai tsabta, ba ya tara datti sosai. Sai dai bai da ƙarfin jure nauyin taka feda, kuma a zafin Afrilu da Mayu ba ya daɗewa. Ya yi wa keken ɗan makaranta, in za a riƙa ƙarawa duk bayan ƴan kwanaki.

Abubuwa huɗu kuma a bar su. Man gyaɗa da sauran man girki suna daskarewa in sun sha iska da rana, su zama danƙo, gaɓoɓi su ƙage. Giris ya yi kauri da yawa, ba ya shiga inda ake bukata, sai ya zauna a waje ya zama tarkon yashi. Wurinsa cikin boris. WD-40 na gwangwanin fesawa kuma yawancinsa ruwan wanki ne mai tashi, yana da kyau wajen korar ruwa da kwance gaɓar da ta yi tsatsa, amma abin da yake bari na mai kaɗan ne. Feshin sarƙar babur ma an yi shi da danƙo don kada gudu ya watsar da shi, kuma danƙon nan a kan keke ba abin da yake jawowa sai ƙasa.

Sai man da aka yi musamman don keke, wanda ke zuwa a ƴan kwalaben mililita 60 ko 120, na kamfanoni irin su Finish Line da Muc-Off da Squirt. Ba ko'ina ake samun sa ba, wani lokaci sai an yi saƙo daga Yamai ko Kano. Karanta jikin kwalbar. In an rubuta "wet" ko "humide", na damina ne: mai kauri, ruwa ba ya wanke shi da sauri, amma halinsa da ƙura ɗaya da man inji. In an rubuta "dry" ko "sec", ruwa-ruwa ne mai tashi, yana shiga gaɓa ya bushe ya bar siririn shafi wanda yashi ba ya mannewa sosai. In an rubuta "wax" ko "cire", kaki ne a narke cikin ruwa, wanda in ya bushe sarƙa takan zama kamar ba a sa mata komai ba, har ka taɓa hannunka bai yi baƙi ba. Daga Oktoba har Mayu, watannin hunturu da bazara, busasshen ko mai kakin shi ne zaɓi ga keke mai giya, don sarƙarsa a buɗe take kuma ta fi ta marar giya siranta da tsada. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman Agusta lokacin da gulbi ke kawo ruwa hanyoyi su yi caɓi, koma wa na damina ko man inji, domin ruwan sama ɗaya yana iya wanke busasshen.

Sharaɗin waɗannan busassun shi ne ba sa kama sarƙa mai tsohon mai. Dole a wanke ta tas kafin a fara, a girgiza kwalbar sosai, a sa da dare a bari ya kwana. Wanda ya ɗiga ya hau nan take, ya yi asarar kuɗinsa.

Mai haƙuri yana iya yin na kakin da kansa da farin kyandir. A cire sarƙa, a wanke ta har ba sauran maiƙo, ta bushe. A yanyanka kyandir a gwangwani, a ɗora gwangwanin cikin tukunyar ruwan zafi. Kada a ɗora shi kai tsaye a kan wuta, kaki na kamawa. In ya narke a nutsa sarƙar kamar minti 15 ana motsa ta da waya har kumfar iska ta daina fitowa, a rataye ta huce, sannan a lanƙwasa gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya don su saki. A rani yakan kai kilomita 200 zuwa 300 kafin a sake. A damina ba ya hana tsatsa, sai an share sarƙar ta bushe duk lokacin da ta jiƙe.

Yadda ake sawa

Kowane mai ka zaɓa, yawansa shi ne ke ɓata aiki. Fara share sarƙar da tsumma. Sai ka sa ɗigo ɗaya a kan kowane zobe, ta cikin sarƙar a layin ƙasa, kana juya feda baya a hankali. Sirinji marar allura ya fi bakin gora iya wannan. Sarƙa tana da gaɓoɓi wajen 112 zuwa 116, duka abin da za ta sha bai wuce cokalin shayi ɗaya ba, wato kwalbar mililita 120 za ta yi maka sama da sau 20. Juya feda kamar sau 20, bar shi minti 10, sannan ka kama sarƙar da busasshen tsumma kana juyawa har wajenta ya daina sheƙi. Wannan sharewar ta ƙarshe ita mutane ke tsallakewa, su ga kamar sun zubar da mai, alhali na cikin bai fito ba. Kiyaye kada ɗigo ya taɓa robar birki ko ƙarfen da take kamawa. In ya taɓa, birki zai yi santsi.

Ba a sa mai don kwana ya cika. Saurari sarƙar: in ta fara ƙara siririya ko zobban sun yi fari ƙal, lokaci ya yi. Bayan ruwa kuma a share a ƙara. Sharewa da tsumma kaɗai, ba tare da ƙarin mai ba, a yi ta duk bayan kwana biyu ko uku a lokacin hazo, minti ɗaya take ci.

In ta yi baƙi har kana jin gursa-gursa idan ka murɗa ta da yatsu, wanki take so. Nemo gaɓar haɗi, zare makullinta, jefa sarƙar cikin gorar roba, zuba kananzir ko gazuwal ya rufe ta, toshe ka girgiza minti biyu. Juye, sake da sabo har ya daina fitowa baƙi. Kada ka yi da fetur, wato isansi, tururinsa na kama wuta daga nesa. Ka ajiye kananzir ɗin da ka yi wankin da shi, dattin zai kwanta a ƙasa, na saman ya sake amfani. Goge haƙoran gaba da na baya da tsohon buroshin haƙori, haka ma ƴan tayoyin nan biyu na abin canja giya, inda datti ke taruwa ya yi tauri. Shanya sarƙar a rana ta bushe sarai kafin mai, in ba haka ba ragowar kananzir zai tsinka shi. Wajen mayar da makullin, rufaffen bakinsa ya kalli inda sarƙa ke tafiya. In aka juya shi, yana iya fita a hanya. A keke marar giya, bar sarƙar da ɗan sassauci, ta motsa sama da ƙasa kamar santimita ɗaya a tsakiya. Kuma kada ka kai keke wurin masu wankin mota su harbe shi da ruwa mai ƙarfi, yana tura ruwa da yashi cikin boris.

Akwai sarƙar da babu man da zai gyara. Tazarar ƙusa zuwa ƙusa milimita 12.7 ce, don haka tazara 24 a sabuwar sarƙa milimita 305 ne. Ja ta ta miƙe, aza ma'auni daga tsakiyar ƙusa ɗaya ka ƙirga. In ya kai 307 a keke mai giya, ko 308 a marar giya, canza ta. Ƙarin tsawon nan cinyewar ƙusoshi ne, kuma sarƙar da ta kai haka tana sassaƙe haƙora su koma kamar ƙaya. In ka bari suka cinye, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsalle a kansu duk lokacin da ka taka da ƙarfi, sai ka sayi haƙoran baya tare da ita, wani lokaci har da na gaba.