Excel ko Google Sheets: Amsa ga Sakataren Ƙungiyar Manoman Shinkafa

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, wanda yake riƙe da muƙamin sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa a yankin Argungu, ya ce littafin da yake rubuta bashin taki da iri ya fara fin ƙarfinsa, domin a lokacin biya sai ya kwana yana buga lissafi kuma jimillar ba ta daidaita. Yana tambayar wanne ya kamata ya koya tsakanin Excel da Google Sheets, kuma ta yaya zai tsara jadawalin don kada ya rikice masa. Malam Sakatare, ga abin da na sani.

Bambancin farko da zai shafe ka shi ne na intanet. Excel, wanda kamfanin Microsoft ya fitar tun 1985, manhaja ce da ke zaune a cikin kwamfutarka, ko ka shiga fadama inda babu sabis za ta buɗe ta yi aiki muddin batirinka bai mutu ba, sai dai cikakkiyarta ta kwamfuta ana biyan kuɗin lasisi. Google Sheets kuwa, da ya fito a 2006, kyauta ne ga duk mai asusun Gmail, amma a intanet yake rayuwa. Ana iya saita shi ya yi aiki ba tare da sabis ba, amma dole a yi saitin tun da sauran data, kuma gyaran da ka yi ba zai isa ga abokan aikinka ba sai sabis ya dawo.

Bambanci na biyu ya fi nauyi a wurina, wato hannu nawa ne za su taɓa jadawalin. Idan kai kaɗai ne, Excel ya wadatar. Idan kuma ma'aji yana Birnin Kebbi, mai kula da sito yana ƙauye, shugaba kuma yana so ya leƙa daga wayarsa, to aikin Excel yakan koma aika fayil ta WhatsApp, kowa ya gyara nasa kwafin, bayan mako biyu a rasa wanne ne na gaskiya. Na taɓa ganin fayil huɗu na ƙungiya guda, kowanne an raɗa masa suna "na ƙarshe". A Google Sheets fayil ɗaya ne kowa yake gani, yana ajiye tarihin gyare-gyare da sunan wanda ya yi da lokacin da ya yi, kuma kana iya kulle wani sashe ka ce wane da wane kaɗai za su taɓa shi. Excel ma yana yin irin wannan idan an ajiye fayil ɗin a OneDrive, wato ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet, amma a nan shi ma ya koma neman intanet. A harkar kuɗin jama'a, inda zargi ba ya wuyar tashi, wannan tarihin shaida ce da za ta kare ka.

Batun girma kada ya dame ka. Shafin Excel yana ɗaukar layi 1,048,576, Google Sheets kuma yana ɗaukar gurbi miliyan 10 a fayil guda, ƙungiyarku ba za ta cika ko ɗaya ba. Abin kiyayewa shi ne tsohon nau'in fayil mai ƙarewa da xls, wanda iyakarsa layi 65,536. A watan Oktoba na 2020 hukumar lafiya a Ingila ta gano cewa sakamakon mutum 15,841 masu ɗauke da korona bai shiga rahotonta a kan lokaci ba, saboda an yi amfani da wannan tsohon nau'in, bayanan suka wuce iyakarsa ba wanda ya lura. Ka riƙa ajiye naka a sabon nau'in, mai ƙarewa da xlsx.

Sai kuma tarkunan da suke kama mutanenmu a manhajojin biyu. Lambar waya takan fara da sifili, haka ma lambar asusun banki da yawa, kuma idan ka rubuta su kai tsaye sai jadawali ya ɗauke su adadi ne ya haɗiye sifilin, lambar asusu mai alƙaluma 10 ta koma 9. Maganin shi ne ka mayar da wannan sahun na rubutu tun kafin ka shigar da komai. Kwanan wata ya fi wannan haɗari domin kuskurensa ba ya nuna kansa. Mu rana muke fara rubutawa kafin wata, Amurkawa kuma wata suke farawa da shi, saboda haka 3/4/2025 da kake nufin 3 ga Afrilu yana iya zama 4 ga Maris, bashin manomi ya ƙaru da wata guda a banza. Excel yana bin saitin ƙasar da ke cikin kwamfutar, Google Sheets kuma saitin yana cikin fayil ɗin kansa, abin da ya sa na fi natsuwa da shi idan mutane da yawa ne ke shigar da bayanai.

Game da tsari kuwa, wanda shi ne ainihin tambayarka, ƙa'idar ɗaya ce ko wanne ka zaɓa. Ka buɗe shafi huɗu. Na farko na mambobi, kowa da lambarsa ta musamman, domin a ƙungiya guda za ka iya samun Abubakar uku da Garba huɗu, kuma yau a rubuta Muhammadu gobe a rubuta Mamman. Na biyu na farashi, inda za a rubuta kuɗin buhun yuriya da na NPK da na buhun samfarera sau ɗaya tak. Na uku na hada-hada, layi ɗaya ga kowace karɓa ko biya: rana, lambar mamba, nau'in kaya, yawa. Na huɗu na rahoto, wanda ba a rubuta komai a cikinsa da hannu, fomula, wato umarnin lissafi da ake rubutawa a gurbi, ita ce take tattaro komai. Kada ka binne farashi a cikin fomula, domin ranar da taki ya tashi sai ka bi gurbi ɗari biyu kana gyarawa, ka manta uku. Kada kuma ka rubuta "buhu 5" a gurbi guda, adadin daban, ma'aunin daban, in ba haka ba jadawali ba zai tara shi ba. A sahun nau'in kaya ka sanya jerin zaɓi, don kada wani ya rubuta yuriya wani ya rubuta uriya a lissafa su kaya biyu. A ƙasan rahoto ka ajiye gurbi ɗaya na bincike: abin da ya shigo sito, a cire wanda aka raba, dole ya yi daidai da abin da mai sito ya ƙirga da idonsa.

Fomula biyu za su ɗauki mafi yawan aikinka, SUMIFS don tara bashin kowane mamba, da VLOOKUP don janyo suna ko farashi daga wani shafi, kuma duka suna aiki a manhajojin biyu. XLOOKUP, wadda take yin aikin VLOOKUP, ta fi ta sauƙi, amma babu ita a Excel 2016 da 2019, waɗanda har yanzu ake samu a kwamfutoci da dama. Rubuta ƙananan shirye-shirye da VBA a Excel ko Apps Script a Google Sheets ka ajiye shi tukuna, domin wanda aka rubuta wa ɗaya ba ya aiki a ɗayan.

Da ni ne a matsayinka, Malam Sakatare, Google Sheets zan ɗauka saboda ma'aji da shugaba, in riƙa sauke kwafin xlsx a ƙarshen kowane mako in ajiye a kwamfuta. Littafin takarda kuma ka ci gaba da rubuta shi tare da jadawalin har ƙarshen wannan noman rani, ku kwatanta jimillar biyun ranar rabon riba kafin ka rufe shi.