Rotabap mai lita 2: tana kwashe ruwan narkarwa, amma ba ta busar da mai

Na'urar da ake magana a kanta ita ce rotabap (na'urar da ke mayar da ruwan narkarwa, wato ruwan da aka narkar da sinadari a ciki, tururi ta kwashe shi ta bar sinadarin) ɗin nan mai sauƙin kuɗi da ta cika ɗakunan gwaje-gwajen jami'o'inmu: kwalbar juyawa har lita 2, bahon ruwan zafi, murɗaɗɗen bututun sanyaya tururi a tsaye, hannun ɗagawa da saukewa, sai ƙaramin injin tsotsar iska mai sauka kusan mbar 10 (mbar ma'aunin matsin iska ne). Lyman Craig ne ya fito da dabarar a 1950, kamfanin Büchi na Suwizalan ya fara sayar da ita a 1957, wannan kuwa kwaikwayon tsarin ce. Na gwada ta a kan abubuwan da ke fitowa a matsayin mai: yujinol daga kanumfari, etil benzowet, da man 'ya'yan darbejiya da aka fitar da hekzen.

Wajen kwashe ruwan narkarwa mai yawa, ba ta da laifi. Ƙa'idar da aka saba ita ce tazarar digiri 20 sau biyu: baho a 60, tururi a 40, ruwan sanyi a 20. Domin tururi ya tsaya a digiri 40, etil asitet na son mbar 240, etanol 175, toluwin 77, ruwa 72. DMF kuwa, wani ruwan narkarwa mai wuyar tafasa, sai an kai mbar 11, wato iyakar ƙarfin injin, don haka kada a ɓata lokaci. Gara a wanke shi da ruwa sau da yawa tun wajen raba man da ruwa, kafin a kawo shi kan na'urar. Idan man ba ya jure zafi, a sauke komai: baho a 40, ruwan sanyi kusa da sifili.

A nan ne yanayinmu ke shigowa. Ruwan da ya wuni a tankin saman rufi a Kano ko Sakkwato cikin watan Afrilu yana haura digiri 30, alhali ruwan narkarwa irin DCM (daikloromiten) na tafasa a wajen 40, dayetil ita (ether) kuwa a 35. Irin wannan ruwa ba zai kama tururinsu ba. Tururin sai ya zarce cikin injin, ya riƙa cin fatar da ke ciki, ɗaki ya gume da wari, kwalbar tara ruwa kuma ta zauna wayam. Wanda ba shi da injin sanyaya ruwa, ya nemi bokitin ƙanƙara da ɗan famfon nan na tankin kifi ya riƙa zagaya ruwan. Dabara ce ta talaka, amma tana aiki sarai.

Mai yana da ambaliya, musamman idan akwai ragowar ruwa a ciki. A busar da shi tukuna da magnesiyam salfet, a tace da auduga. Kada kwalba ta wuce rabi. A fara juyawa, a rage iska sannu a hankali, sannan a tsoma cikin baho. Tarkon gilashi tsakanin kwalba da bututu dole ne, kuma ya zama wankakke, domin ranar da kumfa ta yi tsalle daga nan za a kwaso aikin mako guda. Idan aka ɗauke wuta, juyawa ta tsaya, baho na nan da zafinsa, nan take ruwan zai tashi. Sai a ɗaga kwalbar da hannu a buɗe wa iska hanya. Shi ya sa ba a barin ta ita kaɗai.

Babban abin da ya kamata mai saye ya sani shi ne, ɗigo ya daina sauka ba ya nufin man ya bushe. Mai mai kauri yana riƙe ruwan narkarwa a cikinsa. Za ka ga shimfiɗa rawaya a bangon kwalba, ta yi kamar zuma, ka auna ka ga kashi 108 cikin ɗari na abin da lissafi ya ce za a samu, ka fara murna. NMR, na'urar da ke nuna sinadaran da ke cikin abu ta hanyar tsinaye a kan zane, ita ce ke tona asiri: a cikin CDCl3, ruwan da ake narkar da samfur a ciki don gwajin, etil asitet na fitowa a 2.05 da 4.12 da 1.26, DCM a 5.30, ruwa a wajen 1.56. Idan aka ga tsini a 0.07, man shafa mahaɗin gilashi ne ya narke ya shiga, saboda haka a bar mahaɗan da ke kusa da kwalba a bushe, a riƙe su da maƙalin roba.

Maganin shi ne a auna kwalbar tun tana wofi, a mayar da man cikin ƙarama, a zuba DCM ko fenten (pentane, wani ruwan narkarwa mai saurin tashi) mililita 5, a sake kwashewa, sau biyu ko uku, domin mai saurin tashi ya ja nauyayyen su fita tare. Daga nan a ɗora a kan injin tsotsar iska mai amfani da mai, wanda ke sauka ƙasa da mbar 1, a riƙa aunawa duk bayan minti 30 har nauyi ya tsaya. Sau da yawa abin da aka ɗauka mai ne, da zarar ya rabu da ragowar nan aka kankare bangon kwalba da sandar gilashi cikin fenten mai sanyi, sai ya daskare ya zama gari.

Akasin haka ma na faruwa. Yujinol da ke tafasa a digiri 254 ba ya zuwa ko'ina, amma aisoamil asitet, mai ƙanshin ayaba da ke tafasa a 142, zai bi tururi ya gudu idan aka matsa masa. Ƙanshin ayaba a kwalbar tara ruwa shi ne shaidar asara.

Raunin na'urar yana wajen zoben da ke rufe bututun tururi. Gwajinsa ba wuya: a ɗaura kwalba wofi, a sauke zuwa mbar 50, a rufe bawul, a zuba wa ma'auni ido. Idan yana hawa fiye da mbar 5 a minti, zobe ya ci. A sayi biyu ko uku a ajiye tun ranar sayen na'urar, tare da tarkon gilashi na biyu, domin jiran odarsu daga waje na iya cinye zangon karatu guda.