Makirufo na USB: Ubuntu ko FreeBSD?

Malam, ka ce ka sayo makirufo na USB a Babbar Kasuwar Yamai don ɗaukar karatu, tsohuwar kwamfutarka kuma babu komi a kanta, kana tambaya wanne zai fi karɓar shi tsakanin Ubuntu da FreeBSD, tsare-tsare biyu masu tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi. Na taɓa duka biyun, ga abin da na gani.

Kafin komi, duba kwalin. In na'urar tana bin ƙa'idar USB Audio Class, wato ƙa'idar bai-ɗaya ta na'urorin sauti na USB, wadda ta fito a 1998, ta biyunta a 2006, dukkansu za su gane ta ba tare da ka sauke komi ba. In kuwa sai da direban kamfaninta na Windows take aiki (direba shi ne ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta), to ko'ina ka kai ta wahala ce.

A Ubuntu, direban snd-usb-audio yana cikin ALSA, wato tushen tsarin sautinsa, tun asali. Ka soka, ka buga umarnin lsusb a tagar rubuta umarni (terminal) ka ga ko ta bayyana, sannan arecord -l ya nuna maka lambar katin sauti da aka ba makirufon. Abin da ya fi rikita mutane shi ne benen da ke saman ALSA, wato manhajar da ke rarraba sauti: tun Ubuntu 22.10 PipeWire ne ke rarraba sauti, a da PulseAudio ne. Sai ka ga na'ura ta hau lafiya lau amma kwamfuta na ta sauraren ƙaramin makirufonta na ciki. Buɗe pavucontrol, manhajar saita sauti, ka zaɓi naka, shi ke nan. In shiru ne har yanzu, shiga alsamixer, danna F6 ka zaɓi makirufonka, ka ɗaga ƙarar ɗauka. Ni na taɓa ɓata yini guda a kan wannan, ashe ƙarar ce ke ƙasa.

FreeBSD ba shi da wannan benen, amma aikin hannu ne. Direbansa snd_uaudio, in bai hau da kansa ba, buga kldload snd_uaudio. Sai cat /dev/sndstat ya jero maka na'urorin sauti, pcm0, pcm1 da sauransu, ka zaɓa da sysctl hw.snd.default_unit, ka rubuta shi a /etc/sysctl.conf don kada ya manta. A da, in ka zare na'urar alhali wata manhaja na riƙe da ita, sai tsarin ya tsaya jira. An gyara wannan a FreeBSD 14.1, cikin 2024, don haka kada ka sa wanda ya girme shi.

Ni dai don ɗaukar karatu Ubuntu zan ce maka, saboda Audacity, manhajar ɗaukar murya, zai ga makirufon nan take, kuma masu taimaka maka a nan garin sun fi yawa. FreeBSD na wanda ke son ya san kowace ƙusa ne.

Wani abu kuma: soka shi a jikin kwamfuta kai tsaye, ban da waɗannan 'yan mahaɗan USB masu baki huɗu. Nawa ya yi ta ƙara kamar ana suya har sai da na cire mahaɗin. In ka soka, turo mana abin da lsusb ya nuna.