Shagon ɗinkin da ke fara awo kafin a nuna hoto

A Yamai, yawancin mata da hoto suke zuwa wurin tela: a buɗe waya, a nuna ɗinkin da aka gani a Facebook, a ce "irin wannan nake so". Akwai wani shagon ɗinkin mata kusa da kasuwar Wadata da ba ya sa almakashi a atamfa kan hoto kawai, kuma nan ne ya sha gaban na kusa da shi.

Mace ce ke yin awon, bayan labule. Tana auna kafaɗa, ƙirji, ƙarƙashin ƙirji, ƙugu, kwankwaso, damtse, sai kuma tsawon da ke tsakanin kafaɗa da ƙugu. Wannan na ƙarshe teloli da yawa kan tsallake shi, shi ya sa za ki ga tsukewar riga ta sauka kan tumbi maimakon ƙugu. Atamfa da shadda ba sa miƙewa, don haka suna ƙara santimita 4 zuwa 6 a ƙirji da kwankwaso. Idan babu wannan sararin, da kin zauna zif zai buɗe baki, hammata ta yage.

Shawararsu ta fi ƙarfi a kan mai faɗin kwankwaso da ƙaramin sama. Ba sa yarda a yi mata tattara a ƙugu, domin tattara a atamfa mai ƙarfi tana tashi tsaye, ta ninka faɗin. Doguwar riga suke yanka mata, wadda ta kama ƙirji sannan ta riƙa bajewa a hankali har ƙasa, su kai adon sama: surfani a wuya, hannu mai ɗan kumbura don kafaɗa ta yi daidai da ƙasa. Mai tumbi kuwa, musamman mai jego, ana ɗaga mata yankan zuwa ƙarƙashin ƙirji, yadin ya zubo ba tare da ya manne ba. Za ka ji mai awon na cewa, "Hajiya, ɗamara a nan za ta tona abin da kike son rufewa." Gaskiyarta.

Mai cikar ƙirji wuya mai tsini ƙasa ya fi karɓarta, ban da duwatsu da tarin ado a gaba. Gajeruwa a guje mata manyan furanni da rigar da ta raba jiki biyu. Siririya doguwa kuwa kusan komai na yi mata, har babbar bubu ta shadda.

Sun kuma san yadi. Turmin atamfa yadi 6 ne, amma mai manyan zane yana cin yadi wajen haɗa fure da fure, kuma siket mai falle shida yana sassare zanen. Tun kafin yanka za su gaya miki ko ɗankwali zai fita. Shafi na auduga suke sawa, ba na roba ba, kuma duk wadda ta san zafin watan Afrilu a Yamai ta san amfanin hakan. Kalmasarsu a miƙe take, cikin rigar babu zare a sake.

Inda suke da rauni shi ne alƙawari. Idan azumi ya kai tsakiya, ga cunkoson kayan Sallah ga ɗaukewar wuta, kwanakin da aka yanka miki sukan zarce. Kuɗinsu ma ya ɗara na telan unguwa. Ki kai kaya tun kafin azumi, ki nemi a kira ki gwaji kafin a rufe gefe da kalmasa, kuma ki je da takalmin da za ki sa rigar da shi, don a yanke tsawon a kansa.